Bishiyar wilo da ƙasa mai guba: tambayoyin da ake yawan yi

Duk sanda maganar nan ta taso, wai ana shuka bishiya ta shanye gubar da ke cikin ƙasa, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce tatsuniya ce kawai, wasu kuma su ɗauka an samu maganin komai, a dasa itace a koma gida a miƙe ƙafa. Duka biyun da gyara a zancensu. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, da amsa gwargwadon yadda abun yake.

Wai mece ce wilo ɗin ma tukuna?

Bishiya ce mai son bakin ruwa, masana tsirrai suna kiran danginta Salix, Larabawa kuma su ce safsaf. Ire-irenta sun haura 300, mafi yawansu a ƙasashen sanyi na arewacin duniya, wato Turai da arewacin Asiya da Arewacin Amurka. Akwai doguwar nan mai rassa suna zubowa ƙasa kamar gashi wadda ake gani a hotuna a gefen tafki, amma ba ita aka fi sawa wannan aikin ba. Wadda ake amfani da ita gajeriya ce mai fitar da tsumagu da yawa daga gindi ɗaya, irin su Salix viminalis da Turawa suka daɗe suna saƙa kwando da ita. A ɓawonta ne ma ake samun sinadarin salisin, ɗan uwan maganin nan asfirin.

Me yasa ita, duk bishiyoyin duniya?

Saboda bata da tsada kuma bata da shagwaɓa. Ka yanki reshe kamar tsawon santimita 20, ka soka a ƙasa mai danshi, shikenan ya kama, babu ruwanka da iri ko rainon tsiro. Idan gindin ya kafu tana iya yin mita 2 zuwa 3 a shekara ɗaya, ga shan ruwa kamar ba gobe, ga saiwoyi ƙanana birjik da ke cika saman ƙasa, kuma in ka sare ta daga gindi ba mutuwa take ba, sai ma ta ƙara tofowa da rassa fiye da na da. Sannan tana jure ƙasar da ruwa ya kwanta da ƙasar da ke da ƙarafa masu guba, inda wata bishiyar da tuni ta yi rawaya ta bushe. 'Yar uwarta, wata bishiya mai suna fofla, ma haka take, shiyasa zaka ga kusan kullum tare ake ambatonsu.

Waɗanne sinadarai ne ake cewa masu naci?

Nan ne ya kamata mutum ya nutsu, don yawancin ruɗanin daga nan yake farawa. Abubuwa ne daban-daban aka zuba a buhu ɗaya.

Akwai ƙarafa, kamar kadmiyom da zinki da dalma da tagulla. Su waɗannan babu abun da ke ruɓar da su, ko shekara dubu suka yi suna nan yadda suke.

Akwai sinadaran da ɗan Adam ya haɗa da kansa, masu ɗauke da kulorin, irin su DDT na kashe ƙwari da PCB da ake zubawa a cikin tiransifoma da kuma dayoksin da ke fita wajen ƙona wasu abubuwa. Su ne Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001 ta fara sawa ido, guda 12 a tashin farko, ta fara aiki a 2004. Amurka ta hana DDT a gona tun 1972, ta hana ƙera PCB a 1979, amma har gobe ana tono su a ƙasa da laka a ƙarƙashin koguna. Nacin kenan.

Sai kuma na baya-bayan nan da ake ta hayaniya a kansu, PFAS, waɗanda ke cikin kumfar kashe gobara ta filayen jirgin sama da barikin soja, da kayan da ruwa ko mai baya kama su. Haɗin kabon da fulorin da ke jikinsu yana cikin mafi ƙarfi da aka sani, shiyasa ake musu laƙabi da sinadaran har abada. An saka biyu daga cikinsu a yarjejeniyar nan ta Sitokholm, PFOS a 2009, PFOA kuma a 2019.

Wilo ba iri ɗaya take yi wa waɗannan ukun ba, ko kusa.

To ya take yi? Tsotsewa take ko me?

Tsotsewar ɗaya ce daga cikin ayyukanta, kuma ba kullum ita ce babba ba. Kadmiyom da zinki suna narkewa a ruwan ƙasa daidai gwargwado, sai su bi ruwan su shiga saiwa su hau har ganye da ɓawo. Ka sare ka kwashe, ka fitar da wani abu daga filin kenan. Dalma da tagulla kuwa mafi yawa a saiwa suke tsayawa, basa hawa sosai.

Aiki na biyu shine wanda ni nafi ganin darajarsa, kuma a ɓoye yake faruwa. Saiwar tana zubar da sukari da wasu sinadarai a kewayenta, tana buɗa ƙasa iska ta shiga, tsofaffin saiwoyi suna mutuwa suna ruɓewa, sai wurin ya zama kamar gidan biki ga bakteriya da naman gwari. Su waɗannan ƙananan halittun ne suke cin man fetur da dizal da ragowar kwalta, su farfasa su. Kenan ba bishiyar ce take cin gubar ba, ita masauki ta bayar da abinci, ma'aikatan suna ƙasa.

Na uku shine riƙewa. Fili mai guba in an barshi tsirara iska ta ɗebi ƙura ta kai gidajen mutane, ruwan sama ya wanke ya kai rafi, wani ya nutse ya haɗu da ruwan rijiya. Da zarar wilo ta rufe shi ƙurar ta ragu, zaizayar ta tsaya, kuma tunda tana zuƙe ruwa tana fitarwa ta ganye, ruwan da zai gangara ƙasa da guba ya ragu sosai. Gubar tana nan, amma an ɗaure mata ƙafa.

Akwai kuma sinadarai masu saurin tashi, kamar TCE da ake wanke maiƙon injina da shi, waɗanda bishiya ke sha, ta farfasa wani kaso a jikinta, wani kuma ya fita iska ta ganye da kara.

Tana iya gamawa da PCB da DDT?

Gaskiyar magana, da ƙyar. Waɗannan basa son ruwa, maiƙo suke so, sai su manne wa ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasa su ƙi saki, kuma duk daɗewarsu a wuri ƙara manna suke. Abun da bai narke a ruwa ba ta ina zai hau bishiya? Sai dai ya liƙe a bayan saiwa. Don haka in kaji ance wilo tana shanye PCB, a rage gishiri.

Inda fatan yake shine wajen bakteriyan nan. PCB kansa ba abu ɗaya bane, iri 209 ne, masu ƙarancin kulorin bakteriya suna iya farfasa su in akwai iska, masu kulorin da yawa kuma sun fi taurin kai. A wani gurɓataccen fili a ƙasar Cek an duba ƙasar da ke jikin saiwoyin bishiyoyi daban-daban, aka ga wilo tana cikin waɗanda bakteriya masu cin PCB suka fi taruwa a gindinsu. Abu ne mai kyau, amma taruwar ma'aikata daban, gama aiki daban.

Wani abun mamaki, wajen jawo ragowar DDT da dayoksin daga ƙasa zuwa sama, dangin kabewa sun fi yawancin bishiyoyi iyawa. Wannan kuma gargaɗi ne ga duk mai niyyar shuka abun ci a irin wannan ƙasar.

PFAS fa?

Shi wannan labarinsa ya juya. Da yawansu suna narkewa a ruwa, saboda haka suna shiga tsiro. Masu gajeriyar sarƙa, wato waɗanda jerin kabon ɗin jikinsu gajere ne, suna hawa har ganye su taru a can, masu doguwar sarƙa irin PFOS sun fi maƙalewa a ƙasa da saiwa. Matsalar ita ce babu wanda ke farfasa su yadda ya kamata, ba bishiyar ba, ba bakteriyan ba, yadda suka shiga haka suke zaune. Toh in ganyen ya zube a kaka ya ruɓe a wurin me aka yi kenan? An ɗauko daga ƙasa an dawo da shi saman ƙasa, wataƙila ma inda tsutsa da tsuntsu zasu fi samunsa. Sai an kwashe ganyen kafin ya faɗi, kuma wannan aiki ne ja.

A Suwidin an auna bishiyoyi da ciyayi a wurin atisayen kashe gobara na filin jirgin Arlanda aka samu PFAS a ganyayyakinsu, a jihar Maine ta Amurka kuma al'ummar Mikmak, 'yan asalin yankin, sun gwada shuka wata irin rama a tsohon sansanin sojan sama na Loring. Duka gwaje-gwaje ne, har yanzu ba'a kai inda za'a ce ga filin da tsiro kaɗai ya wanke daga PFAS tas ba.

Shekara nawa ake ɗauka?

Bari muyi lissafi na misali, lambobin nawa ne don a gane, ba na wani fili takamaimai ba. Hekta ɗaya, zurfin santimita 30, nauyin ƙasar ya kai wajen tan 4,000. Ace akwai miligiram 5 na kadmiyom a kowane kilo, jimla kilo 20 kenan a filin. Kana so ka sauke shi zuwa miligiram 2, dole ka fitar da kilo 12. Yanzu ace wilonka tana baka tan 10 na busasshen itace a shekara, wanda amfani ne mai kyau, kuma kowane kilo ya ɗauko miligiram 20, abun da ka cire a shekara giram 200 ne kacal. Raba kilo 12 da giram 200, shekara 60.

Kuma wannan in komai ya tafi daidai ne, alhali a zahiri shekarun farko sun fi auki saboda gubar da ke sake ita ake fara kwashewa, wadda ta rage ta manne sosai. Man fetur da dizal sun fi sauri, 'yan shekaru ana iya ganin bambanci. Amma ƙarafa a filin da ya gurɓace sosai, jikanka ma ba lallai ya ga ƙarshen aikin ba. Shiyasa hanyar tafi dacewa da fili mai faɗi, gubar bata yi yawa ba, bata yi zurfi ba, kuma babu wanda ke jiran a gina masa gida a kai baɗi.

An taɓa yi a wani wuri da gaske, ko duk a ɗakin gwaji ne?

An yi, kuma ana yi. A yankin Kempen da ke kan iyakar Beljiyam da Holan, masana'antun narka zinki sun kwashe shekaru suna hayaƙi har suka gurɓata wajen murabba'in kilomita 700 da kadmiyom da zinki da dalma. Wa zai tone wannan ya kwashe? A kai ina? A garin Lommel aka yi gonar gwaji ta wilo da fofla, kuma darasin da aka samu shine wanda lissafin sama ya nuna, tana cirewa amma sannu a hankali, ribar ita ce manomi ya samu abun shukawa da ba ci za'a yi ba.

A Enkoping ta Suwidin an shuka wajen hekta 75 na wilo ana bata ruwan da ya fito daga matatar ruwan ƙazanta na garin, ta shanye naitirojin ɗin da zai tafi tafki, itacen kuma a kai tashar da ke bada wuta da ɗumin gidaje. A kusa da Syracuse a jihar New York an rufe wani ɓangare na tsibin sharar tsohuwar masana'antar Solvay da wilo a yankin tafkin Onondaga, don ta rage ruwan da ke ratsa sharar. A Kanada masu bincike na Montireyal sun daɗe suna gwada ta a tsofaffin filayen kamfanonin mai. A Aberdeen ta jihar Maryland kuma fofla aka dasa a 1996 a filin gwajin makamai na soja don tare gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa.

In ka lura da kyau, mafi yawan waɗanda suka yi nasara aikin sarrafa ruwa ne da riƙe guba, ba wanke ƙasa fes ba.

Ya ake shukar?

Kafin komai sai an auna ƙasa, daga wurare da yawa a filin kuma zurfi daban-daban, don guba bata bazuwa daidai, nan da can taku goma sai ka samu bambanci mai yawa. Inda ta yi tsanani gara a tone wannan ɗan wurin a kwashe, sauran a bar wa bishiya. Yawancin saiwar wilo a saman ƙasa take, rabin mita na farko, don haka gubar da ke mita biyar ƙasa bata ma san ana yi ba sai an yi dabarar dasawa cikin rami mai zurfi.

Ana dasa yankan rassa wajen 12,000 zuwa 15,000 a hekta, layi bibbiyu. Shekarar farko ciyawa ce babbar abokiyar gaba, in ta rufe su an yi asara. Bayan nan ana sarewa duk shekara 3 zuwa 4, yawanci lokacin sanyi, gona ɗaya kuma ta kai shekara 20 zuwa 25 kafin a tumɓuke. Akwai wani abu anan, sarewar sanyi ana yinta ne bayan ganye ya zube, alhali ganyen ne yafi ɗaukar kadmiyom, saboda haka wanda burinsa cire guba ne ba itace ba sai ya sake tsarin girbinsa. Kuma a gauraya iri daban-daban, don cutar tsatsar ganye in ta samu iri ɗaya zalla sai ta share gonar, sannan iri-irin ma sun sha bamban nesa ba kusa ba wajen yawan ƙarfen da suke ɗauka.

In an sare itacen, ina ake kai shi? Za'a iya girki da shi?

A'a, dan Allah kar a fara. Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci kuma ita aka fi tsallakewa. Kadmiyom yana tafasa a digiri 767 na ma'aunin Selsiyos, wuta mai ƙarfi tana tashinsa ya bi hayaƙi da tokar da ke tashi sama, ka cire shi daga ƙasa ka saka a huhun mutane, an gudu ba'a tsira ba. Kuma ba ƙaramin abu bane, yana zama a ƙodar mutum shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, shine ya jawo cutar itai-itai a yankin Toyama na Japan inda ƙasusuwan mutane suka riƙa karyewa bayan sun daɗe suna cin shinkafar da aka yi wa ban ruwa da kogin da ma'adinai suka ɓata.

Ana ƙona irin wannan itacen ne a tashar da ke da matatar hayaƙi, a tara tokar da matatar ta kama a adana ta a matsayin shara mai haɗari. Amfanin shine tan dubbai na ƙasa sun koma 'yar toka kaɗan da za'a iya killacewa. Na PFAS da masu kulorin kuwa zafi suke so na fitar hankali, a dokar Tarayyar Turai shara mai haɗari da ke da kulorin da yawa sai an kai ta digiri 1,100 na aƙalla daƙiƙa biyu. Taki da ganyen ma babu, shimfiɗa wa dabbobi babu.

Dabbobi fa, in suka ci ganyen?

Matsala ce ta gaske. Barewa da zomo da awaki duk suna son wilo. A tsaunukan Colorado, yankin da ake haƙar ma'adinai, an samu wasu tsuntsaye dangin fakara da ke rayuwa a kan tohon wilo lokacin sanyi, kadmiyom ya lalata musu ƙoda ya raunana ƙashi. Babu wanda ya shuka wannan wilon don gyara, ita ta fito da kanta, amma hanyar ɗaya ce. Shinge dole ne, da allon gargaɗi, da awo lokaci-lokaci na ganye da ƙwarin da ke cinsa.

Ba gara a tone ƙasar a kwashe ba kawai?

In akwai gaggawa ko gubar ta yi yawa, ko yara suna wasa a wurin, eh gara hakan, babu wani jan zance. Amma tonon yana da tsada sosai, manyan motoci suna ta zirga-zirga da ƙura, kuma ƙasar da aka kwashe ba ɓacewa tayi ba, wani wurin aka kai wa. Filin da aka tone ya zama rami matacce sai an sayo wata ƙasar. Wilo tafi araha nesa, tana barin ƙasa da ranta, tana ƙara mata taki, ana samun itacen makamashi. Kuɗinta shine lokaci da kulawa, don in aka dasa aka watsar babu mai awo babu mai girbi, to daji kawai aka yi a kan guba, wataƙila ma an ɓoye ta daga idon mutane.

Tunanin nan sabo ne?

Ba sosai ba. Rufus Chaney na ma'aikatar gona ta Amurka ya kawo shawarar cire ƙarafa da tsirrai tun 1983, Ilya Raskin na jami'ar Rutgers kuma shi ake danganta wa sunan da fannin ke amsawa yanzu, faitorimidiyeshin, a farkon shekarun 1990. A wancan lokacin an zuzuta abun fiye da kima, da aka fita daga tukunyar gwaji aka shiga fili na gaske sai lissafi ya sauya, shiyasa masu aikin yanzu sun fi maganar sarrafa fili da tsirrai a kan maganar wanke shi.

A ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa zata yi?

Yawancin irin da ake amfani da su na ƙasar sanyi ne masu ruwa, a wuri busasshe sai da ban ruwa, ban ruwa mai yawa kuma yana iya tura gubar ƙasa, abun da ake gudu kenan tun farko. Ɗauko baƙuwar bishiya ma da nasa haɗarin, a Ostireliya wilo ta bi koguna ta toshe su har aka saka mafi yawan ire-irenta cikin jerin mugayen ciyayi na ƙasa a 1999, ana ta kashe kuɗi wajen cire ta.

Dabarar ce abun ɗauka, ba lallai bishiyar ba. Ciyawar jema tana da saiwa mai nitsewa mita biyu zuwa uku, tana riƙe ƙasa tana jure ƙarafa da zafi. Akwai wani tsiro mai suna Pteris vittata da masu bincike a jami'ar Florida suka bayyana a 2001 cewa yana tara gubar asenik a ganyensa fiye da kima. A Albaniya ana noma wani ɗan tsiro da ke tara nikel har a ƙona shi a fitar da ƙarfen a sayar. Kowanne da gubar da ya iya, don haka takardar awon ƙasa ce zata faɗa maka abun da zaka shuka, sannan a gwada a ɗan ƙaramin yanki na shekara biyu ko uku, a auna ganye da kara da ƙasa da ruwan ƙarƙashi, kafin a bazu cikin sauran filin.